A'isha Fallatiya: Daga Gidan Biki Zuwa Gidan Rediyo

1.0 Gabatarwa

Idan aka yi zancen mata mawaƙa a ajin Hausa, hankalin ɗalibi yakan tafi ne ga irin su Barmani Coge ta Funtuwa ko Uwaliya Mai Amada ta Kano. Ba kasafai ake tunawa ba cewa tun kafin waɗannan su yi tashe akwai wata 'yar asalin ƙasar Sakkwato da ta yi suna a bakin Kogin Nilu. Wannan mata ita ce A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Fallatiya, mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Sudan.

Wannan takarda za ta dubi rayuwarta da sana'arta. Za a fara da bayanin al'ummar da ta fito daga cikinta, wato Hausawan Sudan, sannan a dubi ma'anar laƙabinta, da yadda ta fitar da waƙar mata daga gidan biki ta kai ta gidan rediyo. Daga ƙarshe za a nuna abin da ya sa tarihinta ya shafi Hausawan da suke zaune a Rusairis da ƙauyukan Jazira a yau.

2.0 Hausawan Sudan

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Kafin zuwan jirgin sama, mahajjaci yakan tashi daga Kano ko Sakkwato a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai, ya shiga Darfur da Kurdufan, ya ƙetare Nilu, har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin mahajjaci yakan tsaya a hanya ya yi noma ko ƙwadago don ya tara guzuri. Da yawa daga cikinsu sun yi aure a irin wannan zango, suka hayayyafa, zango ya koma gari.

Abu na biyu shi ne zuwan Turawa. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a yaƙin Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a. A shekarar 1906 suka zauna kusa da Sinnar, a gefen reshen Nilu da Larabawa suke kira Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu. Garin da suka kafa shi ne ake kira Mai Wurno. Daga nan ƙauyukan Hausawa da Fulani suka yi ta yaɗuwa a bakin kogin, suka nausa kudu har Rusairis.

Abu na uku shi ne noman auduga. A shekarar 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira, wato ƙasar da take tsakanin rassan Nilu guda biyu. Aikin yana buƙatar hannu da yawa, musamman lokacin tsinkar auduga, kuma mutanen yamma suna cikin waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Ban da noma, an san Hausawan Sudan da su, da lambu a bakin kogi, da sana'ar tsire. Har ma sunan da mutanen Sudan suke kiran tsire da shi, wato "agashe", daga Hausa aka aro shi. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazari mai zurfi a kan Hausar waɗannan mutane da yadda Larabci ya yi tasiri a kanta, a cikin littafinsa na shekarar 1999.

3.0 Ma'anar Laƙabin "Fallatiya"

Ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kan wannan kalma. "Fallata" ta samo asali ne daga sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi. Da kalmar ta shiga Larabcin Sudan sai ma'anarta ta faɗaɗa, ta haɗe Fulani da Hausawa da Barebari da duk wanda ya fito daga yamma. Namiji shi ne "Fallati", mace kuma "Fallatiya". Akwai wata kalmar mai kama da ita, wato "Takari" ko "Takarir", wadda ta fito daga sunan tsohuwar daular Takrur ta bakin Kogin Sanagal.

A bakin mutane da yawa a Sudan, kalmar ba ta tsaya ga nuna asali ba. Takan ɗauki ma'anar baƙo, ko ɗan ƙwadago, ko wanda ba a ɗauke shi ɗan ƙasa ba, ko da kuwa a nan aka binne cibiyar kakansa. Saboda haka wasu sukan ɓoye asalinsu idan suka shiga birni. A'isha kuwa da wannan suna ta yi waƙa, da shi aka buga faya-fayenta, da shi kuma ake gabatar da ita a rediyo har ƙarshen rayuwarta.

4.0 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi A'isha a garin Kasala da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Iritiriya ta yanzu. Shekarar da aka fi ambata ita ce 1905. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo su, suka zauna. Mahaifinta, Malam Musa Ahmad, Bafulatani ne kuma malamin addini, mahaifiyarta kuwa Bahaushiya ce. Daga baya iyalin suka koma Umdurman, birnin da yake tsallaken kogi daga Khartum, inda mahaifin yake da makarantar allo. Irin wannan makaranta ita ce ake kira "khalwa" a Sudan.

A wannan makaranta A'isha ta yi karatun Alƙur'ani. Masu nazarin waƙoƙinta sukan danganta tsabtar lafazinta da iya sarrafa numfashinta ga wannan horo, domin mai tilawa dole ya fitar da kowane harafi daga mafitarsa, ya kuma san inda ake ja da inda ake tsayawa.

Ta fara waƙa a gidajen biki tun tana budurwa. Mahaifinta bai yarda ba, kuma ba abin mamaki ba ne. A Sudan ta wancan zamani, kamar a ƙasar Hausa, ba a ɗauki waƙa sana'ar 'yar malam ba. Yadda Bahaushe yake kallon zabiya, haka mutumin Umdurman yake kallon "ganaya", wato mace mai waƙar biki: ana gayyatar ta, ana yi mata kari, amma ba a son a ce 'yar gida ce. An yi mata aure da nufin raba ta da waƙa, sai dai auren bai daɗe ba, ta koma ga sana'arta.

5.0 Waƙar Maza da Waƙar Mata a Umdurman

Domin a gane abin da A'isha ta yi, sai an san yadda fagen waƙa yake a lokacin. A shekarun 1920 wani salon waƙa ya bunƙasa a Umdurman, wanda daga baya aka sa wa suna "haƙiba". Maza ne suke yin sa, irin su Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma da Khalil Farah. Baitocinsa tsararru ne, marubuta waƙa ne suke shirya su, jagora yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Wannan shi ne salon da 'yan boko da manyan gari suke girmamawa.

A gefe guda kuma akwai waƙar mata, wadda ba ta wuce cikin gida. Ana yin ta ne da "daluka", wata ganga da ake ginawa da yumɓu a rufe bakinta da fata. Ana iya kwatanta ta da kiɗan ƙwarya ko amada na matan Hausawa. A shekarun 1930 wani sabon kiɗa mai sauri da ake kira "tumtum" ya yaɗu a tsakanin matan birane. Waƙoƙinsa gajeru ne, da harshen yau da kullum, a kan soyayya da kewa da abin duniya. Jama'a suna son su, amma masu ilimi suna yi musu kallon waƙoƙin banza.

A'isha ta taso ne a wannan ɓangare na biyu. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki zaƙi da saurin waƙar mata, ta haɗa da tsararrun baitoci da kayan kiɗa na zamani irin su "ud", wato molon Larabawa, da goge irin na Turawa. Karin waƙoƙin Sudan an gina shi ne a kan hawa biyar na sauti, kamar yawancin kiɗan Hausa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kunnen Bahaushe ba ya baƙunta waƙar Sudan.

6.0 Faifai, Yaƙi da Rediyo

Abubuwa uku ne suka fitar da muryar A'isha daga gidan biki. Na farko shi ne faifan garmaho. A ƙarshen shekarun 1930 ta tafi Alƙahira, inda aka ɗauki waƙoƙinta a faifai. Da faya-fayen suka iso Sudan sai aka riƙa sa su a gidajen shan gahawa, wurin da mace ba ta zama. Ta haka maza suka saba da muryarta tun ba su gan ta ba.

Na biyu shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala, garin haihuwarta, sai a watan Janairu na 1941 aka ƙwato shi. Sojojin Sudan da ke ƙarƙashin Ingila sun yi yaƙi a Iritiriya da Habasha da Libiya. A'isha tana cikin mawaƙan da aka riƙa kaiwa sansanonin soja domin su ƙarfafa musu gwiwa. Waƙarta da ake kira "Yiju Ayidin", wadda addu'a ce ta Allah ya dawo da mayaƙan gida lafiya, ta shiga bakin iyaye mata da matan aure a duk faɗin ƙasar.

Na uku shi ne rediyo. Turawan mulki sun buɗe gidan rediyon Umdurman a shekarar 1940 domin watsa labaran yaƙi. A shekarar 1942 A'isha ta yi waƙa a cikinsa, tare da 'yar'uwarta Jiddawiyya wadda take kaɗa ud. Masu sauraro sun yi na'am, amma masu ra'ayin riƙau sun yi suka, har wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan don nuna fushi. Wannan bai hana ta ci gaba ba. Daga baya ma ta yi waƙar haɗin gwiwa da mawaƙi namiji, Ahmad Abdurraziƙ, abin da ba a saba ji ba a lokacin.

Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960, an kuma ɗauki waƙoƙinta fiye da 150. Daga cikin waɗanda suka fi shahara akwai "Simsimul Gadarif", inda aka siffanta masoyi da riɗin Gadarif, yankin da ya yi fice a noman riɗi. Ban da soyayya, ta yi waƙoƙin kishin ƙasa a zamanin neman mulkin kai, wanda Sudan ta samu ranar 1 ga Janairu, 1956. Ba ta kuma yar da harshen mahaifiyarta ba. Waƙar maraba da ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da Hausa ta yi ta, kuma an sha jin ta a gidajen rediyon Arewacin Nijeriya a shekarun 1960. Ta rasu a Umdurman a watan Fabrairu na 1974.

7.0 Abin da Ta Bari

Ƙofar da A'isha ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Mata irin su Muna Alkhair da Fatima Alhaj sun biyo bayanta a rediyo, kuma a shekarar 1971 'yan'uwan nan uku da ake kira Albalabil suka fito, suka zama abin alfaharin ƙasa. Waƙar mace ta tashi daga abin da ake ɓoyewa a bayan katanga ta koma abin da gidan rediyon gwamnati yake watsawa.

Sai dai matsalar da take cikin laƙabinta ba ta kau ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 1957 ta ɗaura sharaɗin cewa kakannin mutum sun zauna a Sudan tun kafin ƙarshen shekarar 1897. Wannan ya jefa zuriyar waɗanda suka zo bayan yaƙin Burmi cikin wahalar samun takardu na tsawon lokaci. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan filaye da neman sarautar gargajiya. Rusairis tana cikin garuruwan da abin ya fi shafa, an kuma rasa rayuka fiye da 100. Tambayar da take ƙarƙashin rikicin ita ce tsohuwar tambayar nan: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo?

Haka kuma, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya mayar da ginin gidan rediyon Umdurman fagen fama har zuwa watan Maris na 2024. A wannan gini aka tara taskar waƙoƙin ƙasar. Wannan ya nuna cewa adana muryoyi irin nata aiki ne da ba ya jiran gobe.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa A'isha Fallatiya ta tsallake shinge biyu a lokaci guda: shingen da ya hana mace ɗaga murya a bainar jama'a, da shingen da ya mayar da 'yar mahajjata baƙuwa a ƙasar haihuwarta. An ga kuma yadda kalma guda, wato "Fallata", ta tashi daga Barno ta sauya ma'ana a bakin Nilu. Saboda haka, duk ɗalibin da zai yi nazarin waƙar Hausa bai kamata ya tsaya a Nijeriya da Nijar ba. Akwai aiki a Mai Wurno da Rusairis da ƙauyukan Jazira, musamman na tattara waƙoƙin biki da matan Hausawa suke yi a can da kwatanta su da na Kano da Sakkwato, tun tsofaffin da suka haddace su suna raye.