Alamar Da Hitila Ya Ɓata Wa Suna

Duk wanda ya san Maiduguri ya san unguwar Fezzan, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin garin. Amma sunan ba na Barno ba ne, sunan wata ƙasa ce a kudancin Libiya wadda babban garinta a zamanin da shi ne Murzuk. Daga can ne fatake Larabawa suke keto Sahara da ayarin raƙuma, su bi ta Bilma, su sauka Kukawa, kuma sunan ƙasarsu ne ya bi unguwar bayan an kafa Yerwa a 1907. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ma a wajen Murzuk aka haife shi.

Ta wannan hanya ce Jamusawa suka fara sanin Barno. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851. A 1870 kuma Gustav Nachtigal ya zo wa Shehu Umar da kyautar Sarkin Prusha, har da kujerar mulki. To, bayan shekara 72, a cikin watan Janairu na 1942, sai ga wani saƙon daga Jamus ta wannan hanyar dai, amma wannan karo ta sama. Wani jirgin yaƙi samfurin Heinkel 111, bisa shirin wani hafsa mai suna Theo Blaich, ya taso daga hamadar kudancin Libiya ya zubar da bama-bamai a filin jirgin sama na Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, wadda ba ta fi mil 150 daga Maiduguri ba. Ya ƙone man jirgi mai yawa. A kan hanyarsa ta komawa mai ya ƙare masa, ya sauka cikin rairayi, sai bayan kwanaki aka ceto mutanen ciki.

A wutsiyar jiragen yaƙin Jamus na wannan zamani akwai wani baƙin zane: gicciye mai hannu huɗu, an lanƙwasa ƙarshen kowane hannu ya dubi gefe guda, kamar abin da ke juyawa. Shi ne ake kira suwastika. Galibin mutane in sun gan shi ba su tuna kowa sai Hitila, alhali kuwa zanen ya girmi Hitila da dubban shekaru.

Kalmar daga Sanskirit take, tsohon harshen addini na Indiya, kuma ma'anarta lafiya da alheri. Masu tonon kayan tarihi sun sami irin zanen a Mezin ta ƙasar Yukiren, a jikin wani ɗan tsuntsu da aka sassaƙa da hauren giwar zamanin da, wanda ya haura shekara 10,000. An same shi a kan hatiman Mohenjo-daro, a Pakistan ta yanzu, da jikin tukwanen Girkawa, da daɓen gidajen Rumawa. Mabiya addinin Hindu har yau suna zana shi a ƙofar gida da wurin ɗaurin aure da shafin farko na littafin ciniki. Mai karatu da ya saba kallon finafinan Indiya lalle ya sha ganinsa ba tare da ya kula ba. Wajen mabiya Buda kuwa a ƙirjin gunkinsa ake sa shi, kuma a taswirar Japan shi ne ke nuna inda ɗakin ibadarsu yake.

Afirka ma ba baƙo ba ne. Yana jikin tagogin cocin Lalibela na Habasha, waɗanda aka fafe daga dutse wajen shekara 800 da suka wuce. Mutanen Ashanti, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, sun yi ta zuba shi a kan 'yan ma'aunan tagulla da suke auna garin zinariya da su, a daidai zamanin da fataken Kano da Katsina ke zuwa Gwanja sayen goro. Ba abin mamaki ba ne a same shi a wurare masu nisa da juna haka, don zane ne mai sauƙi, duk mai saƙar tabarma ko ɗinkin hula yana iya faɗawa kansa ba tare da wani ya koya masa ba.

To, yaya aka yi ya zama tambarin ƙiyayya? Abin ya faro ne daga wani attajiri Bajamushe, Heinrich Schliemann, wanda ya shiga tonon kufan birnin Taroy a ƙasar Turkiyya daga 1871. Ya sami zanen birjik a jikin 'yan gululun mazari na yumɓu. Da ma a lokacin malaman harsuna sun gano cewa Sanskirit da yawancin harsunan Turai tushensu ɗaya. Wannan bincike ne na gaskiya. Amma sai waɗansu suka ɗora masa tatsuniya, wai akwai wata tsarkakakkiyar ƙabila mai suna Ariya wadda ta fi kowa daraja, wai Jamusawa ne jikokinta, wai kuma wannan zane tambarinta ne. Ƙungiyoyin masu ƙin Yahudawa suka rungumi maganar. A 1920 jam'iyyar Nazi ta ɗauke shi, baƙi a cikin farin da'ira a kan jan ƙyalle, kuma ran 15 ga Satumba 1935 aka mai da shi tutar ƙasar Jamus. Su ba su ma kira shi suwastika ba, Hakenkreuz suke cewa, wato gicciye mai ƙugiya.

Kafin wannan lokaci Turawa da Amurkawa alamar sa'a suka ɗauke shi. Yana kan katin gaisuwa da lambobin 'yan sikawut da bangon littattafan Rudyard Kipling. Rundunar jiragen saman Finlan ta fara sa shi tun 1918. Runduna ta 45 ta sojan Amurka tana ɗauke da shi a kafaɗa, sai a 1939 ta sake. A 1940 kuma shugabannin Nabaho da waɗansu ƙabilun asali na Amurka suka yi shelar sun daina saƙa shi a bargunansu, saboda abin da ake aikatawa da shi.

Abin da aka aikata kuwa ba ƙarami ba ne. An hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Baƙar fata ma ba su tsira ba. A 1937 an kama yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus a yankin Rayin, aka yi musu aikin da ya hana su haihuwa har abada. A watan Yuni na 1940 sojojin Jamus sun harbe fursunonin yaƙi 'yan Afirka ta Yamma a ƙauyen Chasselay na Faransa, don launin fatarsu kawai.

Saboda haka Yaƙin Hitila, kamar yadda dattawa ke kiransa, ba rigimar Turawa kaɗai ba ce. Gwamnan Chadi Félix Éboué, baƙar fata, ya ƙi bin gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya, ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Wannan ne ya buɗe hanyar jiragen Ingila daga Takoradi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy har Hartum da Alƙahira, kuma ita ce Blaich ya zo yankewa. Bai samu nasara ba. Daga Chadi Janar Leclerc ya tashi da sojoji, yawancinsu 'yan Afirka, ya kama Kufra a 1941, ya ƙwace Fezzan daga hannun Italiyawa a watan Janairu na 1943. Wani abin lura shi ne, dubban sojojin Nijeriya da aka kai yaƙin Bama a 1943 da 1944 ta Indiya suka bi, ƙasar da wannan zane ke nufin fatan alheri.

Irin wannan sauyin ma'ana ya taɓa faruwa a nan gida. Tsohon kwabo mai huji yana ɗauke da tauraro mai tsini shida, haka ma tutar Nijeriya ta zamanin Turawa tun daga 1914. Malamai sun san shi da hatimin Annabi Sulaimanu, suna sa shi cikin laya. Yau in aka nuna wa yaro, tutar Isra'ila zai ce.

Bayan yaƙi Jamus ta haramta nuna suwastika a bainar jama'a, sai don koyarwa ko bincike da makamantansu, wanda ya saɓa yana iya shan ɗaurin shekara 3. Amma da ta nemi a 2007 a shimfiɗa haramcin ga dukan Tarayyar Turai, mabiya Hindu na can suka ƙi, suka ce ba za a hukunta su da laifin wanda ya sace musu alama ba, aka janye maganar. Su kuma Yahudawan da aka kashe iyayensu a ƙarƙashin wannan tuta suna cewa ido ba ya tsayawa tantance wane ɓangare hannun ya duba. Kowane cikinsu yana da hujja. Jihar Biktoriya ta Ostareliya ta raba gardamar a dokarta ta 2022: ta haramta nuna tambarin Nazi, wanda ta ambata da sunansa na Jamusanci, ta bar wa mabiya Hindu da Buda da Jain suwastikarsu.