Ilmi da Harshe Wajen Samar da Masana Kwamfuta a Nijeriya

Maƙasudin wannan maƙala shi ne nuna cewa ƙarancin masana na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, da Nijeriya ke fama da shi ya samo asali ne tun daga makarantar firamare. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hukuma ta daɗe da sanin matsalar. A 1988 an fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu, a 2001 aka kafa hukumar NITDA, sa'an nan a 2023 aka ƙaddamar da shirin horar da mutum miliyan 3. Amma tun daga 2015, da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ta bayyana cewa akwai ɗaliban da ba su taɓa zama gaban na'urar ba sai da jarrabawar ta ƙarato. Horon 'yan watanni ba ya cike irin wannan giɓi.

Abin lura shi ne, tushen tsara wa kwamfuta aiki abu uku ne: jera matakai bi da bi, gindaya sharaɗi, da maimaitawa. Ana iya koyar da dukkansu da allo da alli, ko babu lantarki. Yaron da ya iya dara ya riga ya san cewa idan abokin wasa ya sa nan, to a sa can, in ba haka ba a sake dabara. Abin da ya rage shi ne malamin da zai haɗa masa wannan sani da darasi, cikin harshen da yake tunani da shi. Gwajin shekara 6 da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci sun fahimci lissafi da kimiyya, Ingilishinsu kuma bai raunana ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma ta tanadi fara karatu da harshen uwa.

Daɗin daɗawa, Hausar kanta tana bukatar waɗannan masana. Google ya sa ta cikin harsunan da yake fassarawa a 2013, alhali rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Alal misali, "gari" na mazauni da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne. Sai wanda ya haɗa nahawu da ilmin kwamfuta zai iya koya wa na'ura rarrabe su.

Saboda haka, ya kamata kwalejojin ilmi su horar da malamai a wannan fanni, sassan Hausa na jami'o'i kuma su haɗa kai da na kimiyyar kwamfuta wajen tsara keɓaɓɓun kalmomi, kamar yadda aka yi wa nazarin harshe da adabi a ƙamus ɗin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Muddin ba a yi haka ba, masanan za su ci gaba da fitowa daga 'yan makarantun birane kawai.