Kashi Goma Cikin Ɗari da Ya Tona Asirin Ƙwayar Zarra

Ba kowane mazaunin cikin ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ya san garinsu na da injin nukiliya ba. Tun 2004 Cibiyar Bincike kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanar da NIRR-1, ƙaramin injin bincike ƙirar ƙasar Sin mai ƙarfin kusan kilowat 30. Duk sanda aka kunna shi, a cikin ruwan da ke kewaye da shi wani abu na faruwa da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai.

Furoton da niyutiron, waɗanda ke cike cibiyar ƙwayar zarra, kowannensu ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Idan niyutiron mai tafiyar hawainiya ya faɗa hannun furoton na haidurojin da ke cikin ruwa, juyawarsu da ke saɓa wa juna sai ta daidaita, su zama diyuteron, su saki hasken gamma mai ƙarfin MeV 2.2. Wannan shi ne sauyin maganaɗisu, kuma ƙarfinsa shi ne yawan sauƙin aukuwarsa. Da masana suka yi lissafi bisa zaton kowane ɗayansu gashin kansa yake ci, sai lissafin ya gaza abin da aka auna da kusan kashi goma cikin ɗari. A 1972 Riska da Brown suka nuna cewa ƙwayoyin da ake kira fayon, waɗanda su biyun ke musaya, suna ɗauke da nasu lantarkin, su ne suka cike giɓin. Da irin wannan awo a ƙananan cibiyoyi kamar na litiyom-6 ake gwada sababbin ƙa'idojin nukiliya har yau.

Wani zai ce mutumin Limancin Kona da ke fama da rashin ruwan famfo da ɗauke wuta, ina ruwansa da fayon? Ƙorafinsa gaskiya ne, amma maganaɗisun furoton ɗin nan shi na'urar MRI ke amfani da shi ta hasko ƙwaƙwalwar majiyyaci ba tare da tiyata ba. Kuma injiniyan da bai iya lissafin hasken gamma ɗin nan ba, ba zai iya tsara garkuwar da ke kare ma'aikata ba. Da masana sun raina kashi goman nan, da ba a samu wannan shaida ta aikin fayon a cikin cibiyar zarra ba. Saboda haka kasafin jami'o'inmu ya kamata ya ware wa ilimin tushe kaso, tare da binciken ƙasar noma da ma'adinai da cibiyar makamashin ke yi.