Hanyoyin Gane Faifan Bidiyo na Jabu a Kasuwannin Gwanjo na Intanet

Cinikin faifan bidiyo ya ja baya ƙwarai a ƙasar Hausa tun da wayar hannu ta zama abin kallo, amma har yanzu ɗakunan karatu da masu nazarin waƙa suna nemansa, kuma sau da yawa sai a kasuwannin gwanjo na intanet, irin su eBay, ake samunsa. A can kuwa mai saye ba ya riƙa kaya a hannu kafin ya biya. Hasarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce, domin faifan jabu yakan zo da waƙa a gutsure, malami ya rubuta ta haka nan, ɗalibai su ɗauka ita ke nan.

Abu na farko shi ne lissafin shekaru. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda mutanen Bakura da Maradun da Janbako suka sani sarai, ya rasu a 1991, faifan VCD kuwa bai fito ba sai 1993. Saboda haka duk faifan da ke ɗauke da hotonsa an kwafo shi ne daga kaset ko daga ajiyar wani gidan talabijin, kuma wanda ya ce nasa bugun zamanin mawaƙin ne ya faɗi abin da ba ya yiwuwa. Abin tambaya shi ne ko an kwafa da izini, tun da yake dokar Nijeriya ta tsare haƙƙin waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita.

Na biyu shi ne cikin faifan. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa. Wanda aka ƙona da kwamfuta yakan yi kore ko shuɗi, in DVD ne kuwa ya yi shunayya. Har wa yau, tun 1994 masana'antu suka fara sa ƙananan lambobi masu farawa da IFPI a kewayen ramin tsakiya, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kuma ta fitar da ƙa'idojin masana'antun faifai a 2006. Ya kamata mai saye ya nemi hoton wannan wuri. Mai kaya da ya ƙi, ko ya sa hoton da ya aro daga wani shafi, a yi hattara da shi.

Amma fa ba kowane ƙonannen faifai ne na sata ba. A Kano, a zamanin da ake cinikin kaset da faifai, al'adar kasuwar Ƙofar Wambai ita ce mai fim ya buga kwalaye ya sayar wa dillalai, su kuma su kwafi fim ɗin da injinansu. Watau kwalin ne shaidar halal. Don haka a kayan Kano sai a fi ƙura wa kwali ido: na gaskiya launinsa a tsaye yake, da sunan kamfani da adireshinsa, na jabu kuwa dushi-dushi ne, gefensa a yanke barkatai.

Na uku shi ne yawan abin da aka ce yana ciki. VCD ba ya wuce kamar minti 80, DVD mai shimfiɗa ɗaya kuwa wajen awa biyu yake ɗauka in ana son hoto mai kyau. Faifan da aka ce ya tara waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo da na wasu goma, lalle an matse su har hoto ya lalace. In kuma tambarin gidan talabijin ya bayyana a kusurwa, to daga shirin tashar aka ɗauka.

Alama guda ba ta isa hukunci, sai an haɗa biyu ko uku. In kuwa ba a sami wani ba sai na jabun, ɗakin karatu ya rubuta asalinsa a fili cikin kundin rajista, kada mai nazari ya dogara da shi kafin ya gwada da wani kwafi.