Taron Ofis: Yadda Shugaba Zai Tashi da Matsaya a Hannu

Duk wanda ya taɓa bin sahun fayil a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ya san amsar nan: "Yallaɓai yana mitin." A bayan ƙofar da aka rufe ana tattaunawa, a waje kuma takardar ƙarin girma, da ta ɗan fansho, da ta ɗan kwangila, duk suna jiran sa hannu. Saboda haka taron da aka tashi ba matsaya, asararsa ba ta tsaya ga mahalarta kaɗai ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Ma'aikacin tarayya yana aikin awa 8 a rana, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma. Idan darakta ya tara mutum 20 na tsawon awa 2, an kashe awa 40, wato aikin mako guda cur na mutum ɗaya. Kafin ya kira taro, ya kamata shugaba ya auna ko batun ya kai wannan farashi. Idan sanarwa ce kawai, takardar zagaye ko saƙon WhatsApp ya wadatar. Taro na abin da ke buƙatar shawara ne da yanke hukunci.

Idan taron ya zama dole, a taƙaita masu halarta ga waɗanda batun ya shafa. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon a Amurka, ya shahara da tsarin buɗe taro da karatun takardar bayani mai shafi 6, kowa shiru, kafin a fara magana. Darasin a nan shi ne kada a yi muhawara kan abin da ba a karanta ba. A ma'aikatunmu, hadimin da ke shirya taro zai iya raba ajanda da takardu kwana biyu kafin zama, tare da rubuta hukuncin da ake nema a gaban kowane batu.

Jerin batutuwa ma yana da tasiri. A littafinsa na 1957, marubucin Ingila Northcote Parkinson ya kwatanta kwamitin da ya amince da aikin tashar nukiliya cikin 'yan mintoci, sannan ya daɗe yana gardama kan rumfar ajiye kekuna, domin ita ce kowa ya fahimta. Haka ake yi da batun shayi da kuɗin zama, a bar kasafin sashe sai an gaji. Maganinsa a sa babban batu a farko, a ware wa kowanne mintocinsa.

Sai kuma lokaci. Shugaban da ke zuwa a makare yana koya wa na ƙasa da shi makara. A fara a kan lokaci, a taƙaita gaishe-gaishe, a kauce wa lokacin azahar da na Juma'a. Taron da ya zarce ƙarfe 4 kuwa, nauyinsa yana kan mai komawa Nyanya, Mararraba, Kubwa ko Suleja cikin cunkoso.

Babban ƙalubale shi ne girman muƙami. Da zarar darakta mai mataki na 17 ya bayyana ra'ayinsa, da wuya jami'i mai mataki na 9 ya saɓa masa, ko da shi ke riƙe da fayil ɗin kuma ya fi kowa sanin inda matsalar take. Shugaba mai hikima yakan fara da tambayar ƙananan jami'ai, ya kira su da suna, ya ajiye nasa ra'ayin zuwa ƙarshe. Idan akwai wanda zai tsawatar wa, ya kira shi ofis bayan an watse.

Minti biyar na ƙarshe sun fi sauran muhimmanci. A nan sakataren taro zai karanto abin da aka yanke, da sunan wanda zai aiwatar, da ranar da zai kawo rahoto. Aikin da aka ce "sashe zai duba" ba shi da mai shi. A fitar da rubutaccen bayanin taro washegari, maimakon jiran zama na gaba. Zaman na gaban kuma ya fara da wannan jeri: abin da aka kammala, da wanda ya rage, da dalilin jinkirinsa.