Launi a Hoton Waya: Gargaɗi ga Hakimai da Malamansu

Idan malamin hakimi a ƙasar Gagarawa zai ɗauki hoton gonar riɗi ko ta gero don a aika Gumel, wajibi ne ya lura da haske. Idon waya yana harhaɗa kowane launi daga ja da kore da shuɗi. Tsakar rana da ƙura sukan sa hoto ya koɗe. Saboda haka sai ya goge gilashin, ya ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bayansa. Amma kada ya ƙara launi fiye da kima bayan ɗauka. Gama ganyen da cuta ta koɗar, in ya fito kore shar a hoto, mahukunta za su zaci lafiya lau, manomi ya rasa taimako.