Idan Haƙoran Roba Suka Fara Rawa a Baki

Dattijon Salaga da ya saba fasa goro da haƙoran roba yakan wayi gari sun soma motsi, sai ya ce mai aikin ne ya cuce shi. Galibi bakin ne ya canza. Da zarar an cire haƙori, ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da shi zai fara zaizayewa, musamman a watanni shida na farko, dasashi ya lotsa, rami ya samu a ƙarƙashin robar. Abinci ya maƙale, gyambo ya fito, ƙugiyoyin ƙarfen da ke riƙe robar su riƙa jijjiga sauran haƙoran masu lafiya.

Maganin shi ne a yi wa robar sabon ciko ta ciki. Likitan haƙori zai ɗauki siffar dasashin yadda yake yanzu, ya ƙara roba a gefen da ke kwanciya kan nama. Wani cikon a zama ɗaya ake gamawa, wani sai an kai ɗakin haɗa haƙora. Akwai mai tauri, akwai mai laushi don dasashin da ke ciwo, sai dai mai laushin ba ya daɗewa.

Mutumin Yendi ko Bawku ya fara tambaya a asibitin garinsu, in babu likitan haƙori a can, Asibitin Koyarwa na Tamale na da sashen haƙori. A riƙo guzuri, domin inshorar lafiya ta Gana, wadda aka kafa a 2003, ba ta biyan kuɗin haƙoran roba. Kada a liƙa su da gam na kasuwa, ruwan zafi kuma lanƙwasa su yake yi.